Robobi Shida Iri Ɗaya

Litinin, 18 ga Agusta

Saura sati uku a koma makaranta. Sau biyu na ƙirga a kalanda, kamar zai ƙaru.

Yaya ya sake kira. Maganar dai ita ce ta kullum: ya yarda Inna ta yi hutun nan a wurina, amma in an koma makaranta wa zai zauna da ita daga bakwai na safe zuwa ƙarfe uku? A gidansa akwai ɗaki a sama, akwai mai kula da ita. Na ce Inna ba jinya take ba, tsufa ne kawai. Ya ce, "Auta, ke komai a wurinki jan biro ne ke gyara shi." Mun rabu a kan zai zo Asabar ɗin ƙarshe kafin a koma, ya gani da idonsa. In zaman bai yi masa ba, da ita zai tafi.

Inna ta ji, duk da ta yi kamar gyangyaɗi take. Da na ajiye waya ta ce a gidan Yaya ko kofin da ta sha shayi ba a barinta ta ɗauraye. "Su zaunar da ni kamar hoto, suna zuwa suna goge min ƙura." Shekara arba'in tana kan keken ɗinki, hannunta bai san zama ba. A nan wanke-wanke nata ne, goge ƙasa nata ne. Tun satin farko na daina jayayya.

To, zaman zai yi masa. Zan gyara gidan nan har ya rasa abin faɗi. Daga inda ya fi ba ni kunya zan fara.

Talata, 19 ga Agusta

Ƙarƙashin sinkin kicin. Na durƙusa na fito da komai.

Soso huɗu, uku sun mutu. Ledoji cikin leda cikin leda. Gwangwanin fenti da ya bushe tun shigowarmu gidan. Safar hannu, ta hagu zalla, guda biyu. Robobin sabulu kuwa kowace da kamarta: doguwa, gajeriya, mai hannu, mai lanƙwasasshen wuya, wasu takardar jikinsu ta goge gaba ɗaya. Ni da shekara goma sha shida nake tsayawa gaban 'yan aji huɗu ina cewa duk kwalbar da ba suna a jikinta guba ce har sai an tabbatar. Da ɗalibaina za su leƙo nan, da na shiga uku.

Na banɗaki ya fi muni. Bututun ya raba wurin biyu, komai an cusa shi a bayansa.

Na auna: faɗi, zurfi, tsayi zuwa gwiwar bututu. Na zana a takarda. Daɗi nake ji, in faɗi gaskiya. Irin daɗin ranar farko ta zango, allo wankakke.

Alhamis, 21 ga Agusta

An gama, kuma ya yi kyau!

'Yar kanta mai hawa biyu a kowane gefen bututu. Kwando ɗaya na soso da buroshi, ɗaya na tsummoki. Ƙugiya a bayan ƙofa don safar hannu. Sai abin da na fi alfahari da shi: fararen robobi shida iri ɗaya, masu kauri, irin tsarin da muke yi a ɗakin gwaje-gwaje. Uku a kicin, uku a banɗaki. Na juye komai da mazurari, na wanke shi tsakanin kowane juyi, na rubuta suna da manyan baƙaƙe: SABULUN KWANUKA, NA GOGE ƘASA, BILIC, NA MASAI. Bilic da na goge ƙasa kowane wuri da nasa. Tsofaffin robobin na ɗauraye na ba masu kwasar shara.

Maigida ya leƙa ya ce yanzu sai da takardar izini zai wanke hannu. Na ce ya je can.

Na riƙo hannun Inna na kawo ta, na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta shafa ɗaya, ta shafa ta kusa da ita. Ta ce, "Ina nawa na da?" Na ce sun tafi. Ta ce, "Uhm."

Uhm kawai. Na so a ce ta yaba.

Asabar, 23 ga Agusta

Shayin safe ƙamshin lemon tsami yake, irin na ruwan goge ƙasa. Na zubar, na sake wanke kofunan. Kuskure ne, kowa yana yi.

Lahadi, 24 ga Agusta

Shuɗiyar rigar Maigida. Inna ta ga tabon shayi a gabanta, ta ce bari ta ɗan murza da sabulun kwanuka kafin a kai wanki. Yanzu akwai farin tabo kamar tafin hannu a ƙirji. Bilic.

Shi dariya ya yi, ya ce dama rigar ta tsufa, kada in kuskura in ɗaga maganar a gabanta. Inna ta shige ɗaki ba ta fito ba sai la'asar.

BILIC. Baƙaƙe biyar, kowane ya kai tsawon ɗan yatsana. Inna da take karanta min wasiƙun makaranta ina ƙarama, har tana gyara wa hedimasta rubutu. Me ke faruwa?

Ba na son kalmar da ke yawo a kaina. Ba zan rubuta ta ba.

Litinin, 25 ga Agusta

Na kasa zama. Na shirya darasin sati biyu, na goge, na sake. Na buɗe kabad ɗin kicin ya fi sau goma, ban san me nake nema ba. Robobin ba a jere suke yadda na bar su ba. Na mayar da kowace mazauninta, sunan yana kallon waje.

Na buɗe shafi a bayan littafin darasi, na fara rubuta kwanan wata da abin da ya faru. Don likita, in ta kai ga haka. Da na gama sai na ga ya yi kama da rahoton da nake rubutawa a kan yaron da za a kira iyayensa.

Laraba, 27 ga Agusta



Wajen sha ɗaya ina ɗaki na ji tari. Ba irin tarin da na sani ba. Kafin in kai ƙofar banɗaki warin ya dake ni, kuma na san shi, ai ni nake koyar da shi, zango na biyu, babi na uku. Inna a tsaye kan bokiti, idanu na zubar da ruwa. Ta zuba bilic, ta ƙara da abin da ta zaci na goge ƙasa ne. Na masai ne. Biyun da nake sa yara su ja wa layi biyu a littafi: kada a taɓa haɗa su.

Na janyo ta waje, na buɗe duk tagogi, na toshe hanci na koma na sakar wa bokitin ruwa. Na zaunar da ita a baranda. Alhamdu lillahi kaɗan ta shaƙa. Kafin azahar tarin ya lafa, ta ƙi zuwa asibiti, ta ce a bar ta ta sha iska.

Na yi mata tsawa. Ni. Na ce, "Inna, ba ga shi a rubuce ba?" Ta dube ni, ko dai ta dubi wajen da nake, ta ce, "A rubuce yake, Malama."

Sai na yi abin da nake nadama yanzu. Na ɗauki hoton shafin nan na bayan littafi, har da na yau, na tura wa Yaya. Tsoro ne. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira. Ya ce zai nemi likitan ƙwaƙwalwa, ya ce in fara haɗa mata kaya a hankali kada ta lura. Bai ce "ai na faɗa miki" ba. Da ya faɗa ma ya fi min sauƙi.

Alhamis, 28 ga Agusta

Na yi mata jarrabawa a fakaice, ina tsefe mata kai. Yau wace rana? Jikokinta nawa? Me muka ci shekaranjiya?

Ta ba ni ranar da kwanan watan, ta jero jikoki goma sha ɗaya da watan haihuwar kowa, ta ƙara da cewa gishiri ya yi yawa shekaranjiya amma ta yi min kara. Sannan ta ce, "Na ci, ko sai na maimaita aji?"

Kunya kamar in nutse. Kanta ya fi nawa. To mene ne?

Na kulle bilic da na masai a ɗakina. Ta ji ƙarar makulli. 

Juma'a, 29 ga Agusta

Ban fita ba. Ban yi komai ba. Na goge kantar da ba ta yi datti ba.

Asabar, 30 ga Agusta

Yau na gani.

Na fito da safe ba takalmi, ba ta ji ni ba. Tana tsugune gaban sinkin kicin, ƙofofin kabad a buɗe. Robobi biyu ne suka rage a wurin. Ta ɗauki ɗaya, ta bi ta da yatsu daga murfi har gindi. Ta ɗauki ɗayar, haka. Ta kawo ta dab da fuska har hancinta na taɓa takardar, ta karkata ta wajen taga, ta matsar, ta dawo da ita. Sunan yana kallonta ɓaro-ɓaro. Sai ta buɗe murfin ta shinshina.

Ta shinshina. Tun ranar Alhamis ɗin da na juye su a sababbin robobi, abin da take yi ke nan, har da bilic. Kuma duk na sayo su masu ƙamshin lemon tsami, don ina son ƙamshin.

Na tsuguna kusa da ita. Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta mayar da murfin ta rufe. Sannan ta ce tun bara, kamar ana hura mata hayaƙi a gaba, kullum ana ƙarawa. Hanya tana gani, mutum tana gani, rubutu da ramin allura ne suka tafi. Ashe ba gajiya ce ta sa ta rufe keken ba, kamar yadda ta gaya mana.

"Da ai na san kowa," ta ce. "Mai lanƙwasasshen wuya na masai ne. Mai hannu bilic. Mai ƙugu kamar budurwa na kwanuka. Ko cikin duhu ba na ɓata. Kika zo kika sa musu yunifom kamar 'yan makarantarki."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Ita ce ma ta koma lallashina.

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba? Ta ce in mai ruɗewa ce ita, ai za a yi ta gardama, yau ta ruɗe gobe ta warware. In makauniya ce kuwa, magana ta ƙare, ɗakin sama na gidan Yaya za a kai ta. Sannan ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Kada ki gaya wa yayanki."

Ban ce to ba. Ban ce a'a ba.

Lahadi, 31 ga Agusta

Sau nawa na kama yaro yana ƙanƙance ido daga bencin baya, na dawo da shi gaba, na rubuta wa iyayensa a kai shi a duba? Har yabona ake yi a kan haka a ɗakin malamai. Wata biyu uwata tana cin abinci a gabana.

Litinin, 1 ga Satumba

Na ce zan je in sayo irin na da, kowace da kamarta. Ta ce in bar ɓarna, in ɗauko mata jakar ƙyallayenta a ƙarƙashin gado.

Muka baje a ƙasan kicin, robobi shida a tsakiya. Na fara ba da shawara: ja don haɗari, kore don... Ta ce, "Malama, launi na masu ido ne. Ki yi shiru ki riƙe min almakashi."

Na yi shiru na riƙe almakashi.

Ta zuba hannu cikin jakar tana zaɓe, ba ta ko kallo. Karammiski mai laushi a wuyan sabulun kwanuka, don shi ne ba ya cutar kowa. Igiya mai ƙulli ɗaya, na goge ƙasa. Bilic ta ɗaura masa tsohon zif, haƙoran a waje, yana kartar hannu. Na masai kuwa ta ɗinka masa manyan maɓallai uku a jikin ƙyalle, suna ƙara in an taɓa, wai ko hannu ya yi gaggawa kunne zai tsawatar. Ni na zura mata zare, ita ta ɗinka. Ɗinkin ya fi wanda zan yi da idona biyu.

Sannan ta rushe min tsari. Na masai ba zai kwana kabad ɗaya da bilic ba, ya koma bayan masai shi kaɗai. Wannan kam daidai ne, ya kamata a ce ni na fara tunaninsa. 'Yar kantata mai hawa biyu ta ce a cire ta dama, tana bugun bayan hannunta. Kwandon soso ya sauko ƙasa. Abin da ake ɗauka kullum a gaba dab da ƙofa, abin da ke ciwo can ƙurya bayan bututu, sai an miƙa da niyya.

Bai yi kyau ba. Robobin sun zama kamar 'yan tsana da aka yi wa kwalliyar hauka. Maigida ya ce yanzu kam ya gane gidan.

Sunayen na nan a jiki, ta ce in bar su, "don ku marasa hannu."

Laraba, 3 ga Satumba

Kwana biyu ba kuskure ko ɗaya. Ina laɓewa ina kallo, ta ce tana jin numfashina.

Yaya ya turo saƙo: an ba su ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma an gyara ɗakin sama, an sa sabon labule. Na rubuta amsa sau huɗu na goge. In na yi shiru, zai tafi da ita a kan ciwon da ba ta da shi, da shaidar da ni na rubuta da hannuna. In na faɗa, na ci amanarta, kuma wataƙila ya tafi da ita duk da haka.

Na yi ta shirya jawabin da zan yi masa, da hujja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. A kicin, a baranda, a bakin famfo.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na gaya mata abin da na tura wa Yaya. Duka. Na nuna mata shafin, sai na tuna, na karanta mata da baki.

Ta ce, "Rubutunki dai da kyau, an ce." Ba ta ƙara yi min magana ba sai da yamma, da ta ce in zo in ga yadda ake matse tsumma, wai shekara arba'in da biyu ban iya ba.

Na ce mata yawancin irin wannan yanar ido ce, ana cirewa, mutane suna komawa har karatu. Ta ce ta sani, tsoron wuƙa take. Ban taɓa jin Inna ta ce tana tsoron wani abu ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Ya zo da hantsi, da babbar mota, an kwantar da kujerun baya saboda kaya.

Bayan gaisuwa ya zauna kusa da ita yana magana a hankali, da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa ƙaramin yaro. "Inna, kin gane ni?" Na ga haɓarta ta motsa. Na yi tsalle na shiga da hujja ta ɗaya: ai Yaya abin da ya faru shi ne, tsarin da na yi ne, Inna ba ta...

"Auta," ta ce. "Ina da baki."

Na koma na zauna.

Ta ce masa ta gane shi sarai, shi ne wanda ya yi fitsarin kwance har aji uku, kuma ya rage murya, ba kurma ba ce. Ta ce kanta lafiya lau. Idonta ne, tun bara, ta ɓoye don ta san halinsa. Ta faɗa da kanta, ba ta ko juyo wajena ba. Sannan ta tashi ta ce ya biyo ta. Ya bi ta kicin, ya bi ta banɗaki, da babbar rigarsa yana tattarewa. Ta tsuguna, ta kawar da kai gefe, tana ɗaukowa tana faɗin suna tana miƙa masa, shi yana duba rubutun. Shida cikin shida. Ya tsaya da robar masai a hannu, maɓallan suna ƙara, ya rasa inda zai ajiye ta.

Ya ce, "To ai Inna wannan ya fi tsanani. Ido fa."

Ta ce za ta je wurin likitan ido, ba na ƙwaƙwalwa ba. In an ce aiki, za ta yi, za ta kwana gidansa har ta warke, su goge mata ƙura su more. Bayan nan a dawo da ita nan, inda take da aiki. Ya ce murhu fa? Ta ce ba za ta kunna ba in ba kowa, a bar mata ruwan zafi a fulas. Ya ce in ta faɗi fa? Ta ce a gidansa ma ƙasa ce a ƙasa, har da bene.

Bai yarda duka ba. Sati biyu, ya ce, a gani, kuma waya a wuyanta da igiya. Ta ce igiyar ita za ta zaɓa.

Da na raka shi mota ya ce, "Ke da ita ban san wa ya fi taurin kai ba." Idonsa ya yi ja. Ya ɗaga kujerun baya da kansa kafin ya shiga.

Duk jawabina ko hujja ɗaya ban ƙarasa ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na goge kayan makaranta. Na rubuta mata jerin abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba, goma sha biyu, da manyan baƙaƙe. Har na nemo abin mannawa.

Yana cikin kwandon shara.

Litinin, 8 ga Satumba

Sababbin 'yan aji huɗu, arba'in da uku, duk ido. Akwai wata 'yar siririya a layin gaba da ta tambaye ni me ya sa gishiri ke narkewa amma yashi ba ya narkewa, tun kafin in gama rubuta sunana a allo. Za mu shirya da ita.

Na yi niyyar kiran gida ƙarfe tara, da sha ɗaya, da ɗaya. Na kira ƙarfe tara. Ta ce ina hana ta aiki. Na ƙarfe sha ɗaya ya same ni ina tsakiyar amsa wa yarinyar nan, na ƙarfe ɗaya kuma ban san inda ya shiga ba. Aiki ne ya yi yawa, ba wani abu ba.

Na dawo na tarar da ƙasa tana ƙyalli, kofuna a kife, ita tana baranda tana sauraron rediyo. Ta mayar da kwandon tsummoki banɗaki, ban san dalili ba. Ban tambaya ba.

Yaya ya kira bayan la'asar. "Yaya ta wuni? Ta ci abinci? Ba abin da ya faru?"

Na buɗe baki. Na san amsar duka ukun.

Na ce, "Ga ta nan, tambaye ta." Na miƙa mata wayar na shiga kicin.